Ina Ka Baro Motar, Malam?

Na san abin da za ku faɗa tun kafin ku buɗe baki, don haka bari in hutar da ku. Za ku ce tsadar mai ce ta sauko da ni daga mota, na rasa yadda zan yi, shi ne na zo ina yi wa talauci kwalliya da jan baki. To, ban ƙi ta taku ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tsohuwar motata ta shiga takaba a ƙofar gida. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Wannan duk gaskiya ne, kuma wanda ya ce bai ji a jikinsa ba, a binciki inda yake samun kuɗi. Sai dai abin ya zame mini gobarar Titi a Jos. Mai ne ya fara koro ni kan ƙafa, amma yau ko a kyauta za a cika mini tanki, bayan la'asar a sayyadata za ku gan ni ina ratsa lungunan Birnin Kano, ba aike, ba bashi nake bi ba, ba kuma biyo ni aka yi ba.

Nan fa ake yin ta. Bahaushe bai yarda a yi tafiya haka kawai ba. Ku duba sunayen da muka ba abin: yawo, gantali, ragaita, zaga gari. Akwai mai daɗin ji a ciki? Wanne za ka so a jingina wa ɗanka ranar da aka zo binciken aure? Mafi dama-dama a cikinsu shi ne shan iska, shi ma ranar da na gwada faɗinsa a majalisarmu sai wani dattijo ya dube ni ta saman tabarau ya ce in dai riƙa sha kaɗan-kaɗan, don ya san waɗanda suka sha da yawa, kowa ya san sunan da ake kiransu da shi yanzu. Aka kwashe da dariya, har da mai shayi, wanda ke bina kuɗin kofi uku.

Saboda haka magidanci mai furfura, da riga da hula, yana tafe a ƙasa ba ya sauri, abin tambaya ne. Na farko zai ce, "Malam, lafiya?" Na biyu, "Ina ka baro motar?" Na uku ba ya ma tambaya, sai ya taka birkin babur ya ce, "Hau in rage maka hanya, Yaya." In ka ce masa ba inda za ka, sai ya yi shiru, ya dube ka da irin tausayin da ake yi wa wanda kasuwa ta karye masa. Akwai wani Alhaji maƙwabcinmu, ɗan Kantin Kwari, da ya taɓa sauke gilashin motarsa ya kira ni gefe, ya rage murya, ya ce in akwai wata matsala kada in ji nauyinsa, ai maƙwabtaka ta wuce wasa. Na gode masa, Allah Ya saka masa da alheri. Ku riƙe shi a ranku, zai dawo.

Wasu kuma cewa suke yi likita ne ya sa ni, wai suga ko hawan jini. Waɗannan sun haɗa ni da mutanen Nassarawa da Bompai, masu fitowa da sassafe da kambas da wando mai roba, da agogon da ke ƙirga musu taku, suna wurga hannuwa kamar an biyo su da bulala. Allah Ya ba su lafiya, amma ba sana'armu ɗaya ba. Su ƙasa suke kallo da agogo, in ka yi musu sallama hannu kawai za su ɗaga, don kada lissafi ya ɓaci. Ni kuwa in na ga an fito da tabarmi a ƙofar wani gida, sai na tsaya na ji suna ne ko rasuwa. In za a ɗaura mini irin agogon nan, ina jin ajiye aiki zai yi.

To me kake gani a lungun, in ji ku, ban da kwata da akuya? Bari in fara da abin da kuke ji kullum amma ba ku taɓa saurara ba, wato sunayen unguwanni. Kai da aka haifa a Alfindiki, ka taɓa tambayar kanka mene ne findiki? Kalmar Larabci ce, masaukin fatake, inda baƙin da suka keto Sahara suke sauke kaya. Alkantara ma Larabci ce, gada. Dandalin Turawa fa? Kada ka yi saurin cewa mutanen Ingila, don kafin su zo a 1903, Larabawan Arewacin Afirka ne Kanawa ke kira Turawa. Ka wuce Agadasawa, ka san daga Agadas aka zo. Ka bi ta Tudun Nufawa, ta Ayagi inda Yarabawa suka zauna, ta Zangon Barebari. Ga Sharifai, da ake dangantawa da zuriyar Shehu Maghili tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma mai Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake ciki har yau. Ga Madabo ta malaman Wangarawa. Sa'an nan ga unguwannin da sana'a ta raɗa wa suna: Dukawa, Takalmawa, Soron Ɗinki, Lokon Maƙera, Kwarin Mabuga, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A cikin adaidaita sahu, duk waɗannan wuraren sauka ne kawai, ka ƙwanƙwasa ƙarfe ka ce "akwai". Ni da ke ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba sai in ratsa Agadas da Borno da ƙasar Nufe, ban nuna wa kowa fasfo ba.

Na ji wani Bazazzage can baya yana cewa, ai dama Bakano ba ya tafiya sai ya hango riba, ƙila wani kango nake nema in saya in yanka shaguna. Ku ƙyale shi, ɗan'uwana ne, Allah Ya haɗa mu. Shi da in ya fito daga Ƙofar Doka ya isa Tudun Wada sai ya dawo gida yana ba da labarin ya yi tafiya. Su kuma Damagarawa, na san abin da ke ransu: cewa za su yi mun saba gudu ne shi ya sa ƙafarmu ta ƙware. Mun ji. Ku zo Kurmi sayen kaya mu ga wanda zai nuna wa wani hanyar fita. Ban ce komai game da Barebari ba, wannan rigimar Fulani ce, ni na tsaya a bakin zangonsu na gaida mai unguwa na wuce.

Mafi daɗin fita shi ne bayan sallar asuba, lokacin hunturu, kafin gari ya waye sosai. Hayaƙin icce yana tashi daga gidaje ya gauraya da hazo, almajirai sun kewaye wuta da alluna suna ɗaga murya, mai koko ta fito da robarta, ƙosai ya fara iyo a mai. Ta wajen Jakara kuwa hancinka zai riga idonka isa, don an buɗe tanderu, gurasa mai zafi tana fitowa ana jera ta a kwando. Duk wanda bai taɓa tsayawa ya ci bandashe a tsaye ba, an jiƙa gurasa an barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli da yaji, an zuba man gyaɗa da albasa, to ya daina cewa shi ɗan Birni ne, ya ce dai a nan aka yanke masa cibiya. Kuma wannan cin ba ya yiwuwa daga cikin mota. Lungun da ake yin ta ko amalanke sai an karkata ta.

Sai gaisuwa, wadda ita ce harajin tafiyar ƙasa, ita ce kuma ribarta. Daga ƙofar gidana zuwa bakin titi, yaro mai gudu minti biyu ya ishe shi. Ni nakan ci rabin awa. Baba mai gyaran rediyo yana nan a kan dakalinsa, duk da yanzu wayoyi sun cinye masa kasuwa, dole in durƙusa. "Ina kwana, Baba?" "Lafiya lau, ɗan nan. Ya iyali? Ya mai jiki? Ya haƙuri da mu?" Shekarata hamsin da 'yan kai, amma a wurinsa ɗan nan nake, don ya san ranar da aka yi mini kaciya, kuma ba ya jin kunyar tuna mini irin ihun da na yi. Gaba kaɗan tela zai ɗago kai daga keke ya rantse mini cewa ɗinkina gobe ne, kamar yadda ya rantse makon jiya. Gaba kuma Hajiya mai waina, ƙawar mahaifiyata, za ta aiko jikarta da guda biyar a leda, ta leƙo ta bayan labule ta ce na rame, matata ba ta ba ni abinci.

A shekarun da na yi ina fita a mota, gilashi a rufe, ina ɗaga hannu kamar ɗan takara, mutum uku suka rasu a layinmu ban ji ba sai bayan sadakar uku. Wani yaro da nake ganin jiya-jiya yana wasan langa, ashe har ya yi aure ya haihu. Ba wanda ya ɓoye mini. Labarin unguwa a bakin dakali yake, kuma dakali ba ya bin mota.

Yanzu bari mu zo kan kwatar da kuke ta ɗaga mini. Tana nan, ban ce babu ba. Akwai lungun da in damina ta sauka sai ka naɗe wando ka riƙa tsallake bulo ɗaya-ɗaya kamar mai wasan 'yar gala-gala. Leda ta toshe magudanai, bola ta kai rabin katanga, kuma tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, 'yan adaidaita sahu suka gaji hanya da halin duka, sai su shafi gefen rigarka sa'an nan su danna maka ham. Masu ƙwacen waya ma ba tatsuniya ba ne. Na san inda ba na bi bayan magariba, kuma wayar da nake fita da ita 'yar rakani-kashi ce, wadda in ɓarawo ya ƙwace sai ya dawo mini da ita ya haɗa da ta'aziyya. Amma ku da kuke toshe hanci a mota, kwatar ta daina wari ne don kun rufe gilashi? Wadda ke bayan gidanmu shekara biyu tana toshe. Sai da na faɗa cikinta da ƙafar dama, ranar wata Juma'a, da farar shadda, sa'an nan muka je wurin mai unguwa aka tara matasa aka yi gayya aka yashe ta. Kuna iya cewa faɗawar ce ta yi aikin, ni ban musa ba.

Wadda ta fi kowa yi mini dariya a kan wannan sabuwar ɗabi'a ita ce uwargida. Na dawo wata rana ina zumuɗi, ina ba ta labarin na gano wani siririn lungu da ke ɓullewa kusa da masallacin unguwar gaba, ya rage kusan rabin hanya. Ta bari na gama tsaf, sa'an nan ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Ai mu ta cikin gidan Inna muke bi, ya fi kusa." Ashe akwai wata taswirar Birni da maza ba mu da ita. Gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" a bakin soro, da yawansu ƙofa biyu gare su, mata da yara suna shiga ta nan su ɓulla ta can, a yi barka a gida ɗaya, a duba mara lafiya a na biyu, a karɓi zubin adashi a na uku, duk ba a taka titi ba. Ni da nake jin kaina wani mai binciken ƙasa, ashe bakin gaɓa kawai nake bi. 'Yar talla mai shekara tara ta fi ni sanin garin nan nesa ba kusa ba.

Kada ma ku kawo mini maganar Google Maps. Na gwada. Matar nan mai magana a waya ta ce in yi dama, na yi dama, sai ga ni a zauren wani malami ana tsakiyar karatun Ishmawi, ɗalibai suka matsa mini wuri. Da kunya ta hana ni juyawa, sai da na zauna aka kai aya aka shafa fatiha. A Birni matambayi ne ba ya ɓata, kuma kwatancen da za a yi maka ba ya cikin kowace na'ura: ka miƙe har gindin ceɗiya, ka bar rijiya a hagunka, in ka ga gidan da ake sayar da daddawa ka sha kwana. Wani lokacin an sare ceɗiyar tun kafin a haife ka, rijiyar ma an cike ta, amma kwatancen na nan daram, kuma abin mamaki sai ka isa.

Ranar da ƙafa ta yi daɗi nakan zarce har marinar Ƙofar Mata, wadda allon bakinta ya ce tun 1498 ake rini a wurin. Baƙi daga Jamus da Amurka suna biyan kuɗin jirgi su zo su tsuguna a bakin karofi suna ɗaukar hoton baba da toka, kai kuwa kana wucewa ta gefen katangar sau biyu a rana shekara ashirin, ba ka taɓa leƙawa ba. Da yawan ramukan sun bushe, masu rinin ma sun ragu, amma waɗanda suka rage suna nan suna tsoma zane suna ɗagawa, hannuwansu shuɗi har gwiwa. In ka kasa kunne za ka ji mabuga suna sauke tabarya a kan gungume, biyu-biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, har shadda ta ɗauki ƙyalli. Na taɓa tsayawa ina sauraro har wani yaro a cikinsu ya tambaye ni ko kaya na kawo. Na ce a'a, kiɗan nake ji. Ya dubi abokinsa, abokin ya dube shi. Na san me suka ce bayan na tafi, irin abin da kuke cewa ne.

Dutsen Dala kuma, yawancinku rabonku da shi tun kuna yara ranar Takutaha, lokacin da ake cika shi maƙil ana ture-ture. Ku gwada hawansa ranar da ba kowa, da yamma. Zan faɗa muku gaskiya, sau uku nake hutawa kafin in kai sama, ina yi kamar wani abu nake dubawa a ƙasa. Daga can ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin kwano ya mamaye inda da soraye ne na ƙasa da azara. Dutsen nan aka ce Barbushe yake hawa wurin Tsumburbura, kafin a san za a yi wani abu wai shi go-sulo. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo garin nan a 1851, ya zaga shi, ya rubuta sunayen unguwanni ya zana taswira, ana karantawa har gobe. Shi an ce masa masani. Ni da nake yin irin abin da ya yi, a garin ubana, an ce mini mai gantali. Ko da yake, don kada in ci haƙƙinsa, shi a kan doki ya yi nasa zagayen, ƙila shi ya sa aka ga girmansa.

Daga saman ne kuma za ka ga abin da ba daɗi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, a wurare da dama ta zama tudun ƙasa, wani wurin an yanka filaye a kanta. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gina gidajen Birni, waɗanda ke shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini, sa'an nan in ruwa ya shigo ɗaki a ce ikon Allah. Soro mai zanen dagi da na saba gani a wani lungu, na je wata Asabar na tarar da shaguna huɗu masu ƙofar ƙarfe. Ban san mai gidan ba, ban kuma zarge shi ba, ƙila magada ne suka yi yawa. Na dai ji daɗin cewa na gan shi sau da dama kafin ya tafi.

Saura Alhajin Kwari da na ce ku riƙe. Mutumin nan ya san Dubai kamar tafin hannunsa, in yana ba ka labarin kasuwannin Guwanzu sai ka rantse can aka yaye shi. Watannin baya aka yi ɗaurin auren 'yar wani abokin kasuwancinsa a cikin Birni, bayan sallar Juma'a, motoci suka cushe tun daga bakin titi. Ya ajiye tasa ya ce bari ya yanke ta lungu, ai nan da nan ne. Ina zaune a majalisa wajen ƙarfe uku sai ga wayarsa. Murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ya taɓa yi mini tayin taimako da ita, ya ce, "Malam, don Allah kana kusa? Na ga kamar na wuce wani gida mai baƙar ƙofa sau uku."

Na tambaye shi me yake gani a gabansa. Ya ce injin markaɗe, da wata akuya a kan dakali. Na ce ya tsaya nan kada ya motsa. Na je na same shi ya jiƙe sharkaf cikin babbar riga, ya tattare ta a kafaɗa, yara sun kewaye shi suna kallo. Tsakanin inda yake tsaye da katangar bayan gidansa, gida shida ne, na ƙirga.

Na sa shi a gaba muka fito, an riga an shafa fatiha tun tuni, ko goro bai samu ba. Da muka iso bakin titi na rage murya, na ce Alhaji, in akwai wata matsala kada ka ji nauyina, ai maƙwabtaka ta wuce wasa. Bai ce komai ba. Amma ya biya mini bashin kofi ukun nan a wurin mai shayi, da sharaɗin kada maganar ta fita.